Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kebbi: A Koyar Da Kanikawa Gyaran Motocin Zamani

Mai girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,

Assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo. Ba zan ja ka da nisa ba.

Ranka ya daɗe, motar da ke shigowa gareji yau ba irin wadda iyayen gidanmu suka koya mana ba ce. Mu da Fijo 504 muka buɗe ido: ka saurari kukan injin, ka kwance kafireta ka wanke, mai mota ya kama hanyar Argungu. Yanzu 'yan Kwatano suka cika gari, kuma tun 1996 duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta faɗi abin da ke damunta. Kanikawa nawa ne a Birnin Kebbi ko Jega za su iya karanta abin da na'urar ta nuna?

Shi ya sa ake ta lalube. Fitilar injin ta kama, sai a canza filogi, a canza kwayil, a canza famfon mai, duk daga aljihun mai mota, in ta ƙi mutuwa a liƙe ta da baƙin salatif. Mota ta yi zafi, a cire tamostat mai daidaita zafin injin a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. In abu ya gagara a ce ai birenbos ne, wato kwamfutar motar, a tura mutum Sakkwato ko Kano, kuɗin aikin ma ya bi shi can. Yaron da ke tsugune yana miƙo sifana kuwa, abin da ya gani shi zai koya wa nasa yaran.

Kai malami ne, har ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ka shugabanta. Ba sai an gaya maka yadda aji ke ƙarewa ba idan malamin kansa bai san darasin ba. To me ya sa duk lokacin da aka tashi "tallafa wa matasa" sai a tsallake iyayen gida, a miƙa wa yaro jakar sifanu, a ɗauki hoto? Sifana ai muna da ita, har ta yi tsatsa.

Ga Kwalejin Waziri Umaru nan a cikin gari, ga ta jiha a Dakingari, ga jami'ar kimiyya a Aliero. Don girman Allah a buɗe mana ajin yamma, da Hausa, bayan an tashi daga gareji. A kawo na'urorin da mota ta gaske, a zauna da ƙungiyarmu ta kanikawa, NATA, ta fitar da masu garejin da ke da yara a hannu, ba 'yan takardar ɗan majalisa ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ake ta kiran a koma gas ɗin CNG. Tukunyarsa tana riƙe matsi wajen "bar" 200 a ma'aunin matsin iska, batirin Prius, motar nan mai aiki da mai da lantarki, kuma ya haura bolt 200. Waɗannan ba a koyon su da gwaji, rai ake sarayarwa.

Akwai maganar filin gareji da ta jabun kayan gyara, amma su jira. A fara sa ajin nan a kasafin kuɗi mai zuwa.

Naka,
Wani bakanike daga Birnin Kebbi