Rahoton ayyukan shekara: daga sakatare zuwa ga 'yan uwa masu aikin haɗa wayar ofis a Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya, ogogi da 'yan uwa abokan sana'a, har da ƙannenmu masu koyon aiki, ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a wannan shekara da muke bankwana da ita. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, ma'aji zai raba nasa daban ranar babban taro. Kafin komai muna miƙa ta'aziyya ga 'yan uwan da suka yi rashi, Allah ya jiƙan mamatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Kwamitin jin daɗi ya kai ziyara duk gidan da labari ya iso mana, Allah ya saka musu da alheri.

Duk wanda ya yi aiki bana ya ga yadda kasuwa ta juya. Yawancin kiran da ake yi mana ba na sabon gini ba ne, na sauya tsohon akwatin intakom ne, wato na'urar da ke rarraba kira tsakanin wayoyin ofis, ko ɗora masa layin dijital a maimakon wayoyin girke da suka daɗe da mutuwa. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 mutane suka juya wa wayar tebur baya, amma otal, asibiti, makaranta, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa, da manyan dilolin Kwari da Singa, har gobe suna buƙatar lamba ɗaya wadda mutum da yawa za su iya amsawa a lokaci guda. Ga shi kuma Panasonic, wanda akwatunansa suka cika ofisoshin garin nan, ya sanar tun ƙarshen 2020 cewa zai daina ƙera su. Katin lantarki na cikin akwati ya ƙone yau, sai an yi yawon nemansa ruwa a jallo daga Beirut zuwa Sabon Gari, in an samu ma na hannu ne. Shi ya sa kwamitin horo ya karkatar da bitocin bana zuwa ga saiti, ba jan kebul ba.

Bitar da ta fi tara jama'a ita ce ta layin E1, layin dijital da ke haɗa akwatin ofis da kamfanin sadarwa, wadda aka yi bayan ƙaramar Sallah. A zaman kwamiti wasu sun ce ɓata lokaci ne tunda komai ya koma kan intanet. Ban goyi bayan wannan ra'ayi ba, domin akwai manyan ma'aikatu da har yanzu a kansa suke, kuma in ya lalace masu iya taɓa shi 'yan ƙalilan ne. Layi ne guda mai gudun megabit 2.048 a daƙiƙa, an raba shi gida 32, kowane gida kilobit 64. Gida na 0 shi ke daidaita tafiyar layin, na 16 shi ke ɗaukar saƙon bugawa da amsawa da katsewa, sauran 30 na magana ne. Wato mutum 30 suna magana lokaci ɗaya a kan waya guda. A Amurka T1 ake amfani da shi, mai gida 24, don haka katin da aka shigo da shi daga can sau da yawa a kan T1 yake zuwa, sai an mayar da shi E1 kafin ya san inda yake.

Ɗaya daga cikin iyayenmu, wanda ya yi aiki a ɗakin na'urorin NITEL, tsohon kamfanin waya na gwamnati, tun zamanin da ake layi don neman waya, shi ya jagoranci zaman. Ya ajiye akwati biyu a kan tebur, ya haɗa su, fitila ta kama ja. Ya zauna ya yi shiru ya bar yara suna gardama, wannan ya ce kati ne, wancan ya ce a sake loda manhaja. Da suka gaji sai ya zare kebul ɗin ya ɗaga kansa sama ya ce kowa ya zo ya duba launukan. Kebul ɗin kwamfuta ne. Na E1 a fil na 1 da na 2 yake karɓa, a na 4 da na 5 yake aikawa, in kuwa akwati biyu za a haɗa kai tsaye sai an gicciya su. Ya datse kan, ya jera wayoyin da babban yatsa, ya matse sabo, fitila ta koma kore kafin ya ajiye abin matsewar.

Daga nan da gangan ya sa kowane akwati ya bi agogon kansa, wato bugun da ke daidaita saurin aika bayanai. Kira yana shiga, ana magana, amma a kan allo ana ganin lambar zamewa, mai ƙirga sau nawa akwatunan suka saɓa bugu, tana hawa, jefi-jefi kuma a ji ƙas a kunne. Ya ce kamar mata biyu ne suna lugude a turmi ɗaya: in kowacce ta bi nata bugun, ba za a jima ba taɓare su yi karo. Akwatin ofis daga layin kamfanin sadarwa zai ɗauki agogo, ba daga cikinsa ba. Wannan saiti ɗaya ya sa an sha canja katin da lafiyarsa ƙalau. Ya kuma ja kunne cewa kafin a je wurin aiki a nemi kamfanin layi ya rubuto yadda ya saita nasa ɓangaren: CRC4, tsarin gano kuskure a layi, a kunne yake ko a kashe, wane salon sigina ne, lamba nawa zai riƙa turowa idan kira ya shigo, sannan wayar murɗe ce mai om 120 ko zagayayyiya mai om 75, don a san ko za a taho da abin da ke haɗa su.

Bita ta biyu da ta uku a kan layin SIP aka yi su, wanda ke bin intanet ko faiba ta musamman daga kamfani. Nan ne aikin gobe yake, nan ne kuma ƙorafi ya fi yawa. Wanda ya fi ci wa 'yan uwa tuwo a ƙwarya shi ne kira ya shiga, kana jin mutum shi ba ya jin ka. Kusan kullum a rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis, matsalar take: saƙon kira ya wuce ta ƙofa ta 5060, amma murya da ke bin wasu ƙofofin daban ta rasa hanyar dawowa, ko kuma saitin nan na rauta da ake kira SIP ALG yana kunne yana dagula adireshi. Sai kuma kwastoma ya ce ana danna 1 ko 2 na'ura ba ta ji, alhali salon aika sautin maɓalli ne bai zo ɗaya da na kamfani ba. An kuma yi lissafi a allo: kira ɗaya da G.711, tsarin mayar da murya dijital, nau'in A da ake bi a ƙasar nan, yana cin wajen kilobit 87 zuwa, 87 dawowa. Kira goma bai kai megabit ɗaya a kowane ɓangare ba. Ba yawan data ne damuwa ba, cunkoso ne. In ma'aikata suna kallon bidiyo a kan layin da murya ke bi kuma ba a ba murya fifiko ba, magana za ta riƙa tsinkewa, jinkirin da ya haura milisakan 150 kuwa sai mutum biyu su dinga cin karo a baki.

Akwai abin da ƙungiya ta bi ofis-ofis tana tunatarwa. Daga 1 ga Janairu 2024 hukumar NCC mai kula da sadarwa ta ƙara 02 a gaban lambobin wayar girke, ta Kano da muka sani da 064 ta koma 02064, ta Legas 0201, ta Abuja 0209. Har bana muna tarar da akwatunan da tsarin bugunsu bai san da wannan ba, ma'aikaci ya buga lamba daidai akwati ya ƙi fitar da ita, a ɗora wa sabis laifi. Duk wanda ya buɗe tsarin bugu ya gyara wannan, ya kuma tabbatar 112, lambar neman agajin gaggawa, tana fita daga kowace waya, har ta ɗakin maigadi da aka toshe wa kiran waje. Wasu 'yan uwa sun fara naɗar gaisuwar amsa kira da Hausa kafin Turanci, suna kuma saita lokutan aiki da la'akari da sallar Juma'a da watan azumi. Kwastomomi sun yaba, ina fata kowa ya ɗauka.

Yanzu ga maganar da nake so a tsaya a kanta. Ƙararrakin da suka zo gaban kwamitin sulhu bana, in aka tone su, ba rashin iya aiki ne ya haifar da yawancinsu ba. Aiki ne da aka gama ba a rubuta komai ba.

Wani kamfani a Sharaɗa ya tashi ranar Litinin ya tarar an kwana biyu ana buga ƙasashen waje da layinsa, ofis kuwa a kulle tun Juma'a. Da aka duba, ƙofar 5060 a buɗe take ga duniya duka, wayar da lambarta 100 kalmar sirrinta ma 100, ba a kuma rufe kiran ƙetare ba. Masu wannan sata ba barci suke ba, na'ura suka sa tana laluben irin waɗannan akwatuna dare da rana. Wanda ya haɗa ya ce ya gaya wa manaja a canja kalmar, manaja ya rantse ba a yi haka da shi ba. Babu takarda, babu shaida, aka kai ruwa rana kafin a sasanta.

Na biyun ya fi taɓa ni. Wani asibiti mai zaman kansa, wayar ɗakin haihuwa ta daina kiran ɗakin likitan dare. Wanda ya yi aikin ya bar garin, wayarsa ba ta shiga, kuma shi kaɗai ya san kalmar shiga akwatin. Ɗan uwanmu da aka kira bai da zaɓi sai ya goge komai ya fara daga tushe. Ya bi ɗaki-ɗaki da fitilar waya yana ɗaga kan kowace waya don gano wadda ke kan wane fil, nas-nas kuwa suna ta zirga-zirga a baranda suna kai saƙo da ƙafa. Gyaran da bai wuce na minti kaɗan ba ya cinye dare, a wurin da, bayan Allah, rai ke hannun wayar nan.

Saboda haka kwamiti ya tsara takardar miƙa aiki, shafi biyu kacal, an kuma raba samfurinta a zaurenmu na WhatsApp. A ciki za a rubuta irin layin da kamfanin da ya bayar, saitin da aka yi masa, jerin lambobin cikin gida da ɗakin da kowacce take, wayoyin da aka yarje wa kiran waje, adireshin akwati da na rauta, da inda aka adana kwafin saiti. Kalmomin sirri a sa su a ambulan a manne a damƙa wa mai wurin hannu da hannu, ya sa hannu, kai ma ka sa. In ana naɗar kira a rubuta cewa an sanar da mai wuri hakkin da dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora masa, kuma a sa sanarwa mai kira ya ji.

Na ji uzurin masu ja da baya, kuma ba na raina shi. Suna cewa in ka miƙa komai, kwastoma zai riƙe maka cikon kuɗinka, ko gobe ya kira yaro mai araha ya ci gaba daga inda ka tsaya. Wannan yana faruwa, dukkanmu mun ɗanɗana. Amma maganinsa yarjejeniya ce a rubuce tun kafin a huda bango: kaza kafin aiki, kaza in kaya sun iso, ciko ranar miƙa takarda. Kalmar sirri ba jingina ba ce, kayan mai akwati ce, amana ce a hannunka. Kuma duk ranar da aka bar wani asibiti ko otal a rufe, ba sunan mutum ɗaya ake kira ba, cewa ake yi haka masu intakom suke.

Sauran ayyukan a taƙaice. Kafin damina an zaga an duba sandunan sauke wuta a ƙasa da abubuwan tare tsawa a wuraren da 'yan uwa suka nema, domin kebul ɗin da ya ratsa fili tsakanin gini biyu shi ke fara jawo aradu cikin kati. An yi gargaɗi kan kebul ɗin alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, wanda ya cika kasuwa: a kankare shi da reza, in cikinsa fari ne a ajiye, musamman inda waya ke shan wuta ta kebul, kuma kada tsawo ya wuce mita 100. Akwati da rauta da na'urar faiba duk a ɗora su kan inbata ɗaya, don babu amfanin akwati yana kunne layi a mace. A lokacin hunturu a hure ƙura, a bazara a duba fanka. Ƙungiya ta kuma sake jaddada matsayinta: duk wanda aka nema ya haɗa akwatin tara layukan salula don shigo da kiran ƙetare ya fito kamar na gida, ya ƙi. NCC ta haramta, mu ma ba za mu tsaya wa kowa a kai ba.

Abu biyu ba su samu ba. Na'urar gwajin E1 da injin haɗa faiba da aka yi niyyar saya na haɗaka sun gagara saboda tsadar canji da jinkirin kuɗin wata. Bitar Asterisk da FreePBX, manhajojin da ke mayar da kwamfuta akwatin intakom, ga masu koyo ma an ɗage ta don rashin wurin da ke da wuta tsayayya. Wanda ke da hali cikin matasa ya leƙa reshen Digital Bridge Institute da ke nan Kano ya tambayi kwasa-kwasansu, kada ya jira mu.

A babban taro za a kaɗa ƙuri'a kan ko takardar miƙa aiki ta zama dole ga kowane ɗan ƙungiya, da hukuncin wanda ya ƙi, sannan a yanke yadda za a tara kuɗin kayan haɗaka. Mai gyara ga samfurin takardar, ko mai wurin da zai ara mana don bita, ya sanar da wakilin shiyyarsa a Farm Centre, Beirut ko Sabon Gari kafin ranar.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya