Ƙurar hunturu tana da gari, a riƙa faɗa wa yaranmu sunansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili.

Duk shekara in hunturu ya kama, labarin da muke karantawa ɗaya ne: hazo ya rufe gari, jirage sun kasa sauka, masu asma sun cika asibiti. Duk gaskiya ne. Abin da nake jira ban gani ba shi ne a ƙara layi biyu a ce ga inda ƙurar ta taso.

Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa kafin in aje alli. Makon jiya da safe jikana, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya shafa yatsa a gilashin taga, ya nuno mini farar ƙura ya ce, "Alhaji, wai duk wannan daga ina take?" Na ce me aka gaya muku a makaranta? Ya ce daga hamada. Na ɗauko tsohuwar taswirata na ce to nuna mini hamadar. Yaron nan ya daɗe yana kallo, ƙarshe ya ɗora yatsa a kan Indiya. Ban ga laifinsa ba, domin ya ce ajinsu babu taswira ko ɗaya a bango. Ranar ban ji daɗin abinci ba.

Kaso mai yawa na wannan ƙura daga wani kwari take fitowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele. Iskar da ke tahowa daga arewa maso gabas tana matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwan indararo, ta kwashi ƙasar kwarin. Ƙasar kuwa fara ce, ba nauyi, saboda gindin wani tsohon tafki ce da ya ƙafe, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan guntun ragowarsa ne kawai. Cikin 'yan kwanaki sai ga ta a tagoginmu na Tudun Wada a nan Kaduna. Wata ma ba ta tsayawa nan, tana haye tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka ta zama masa taki. Wanda ke shakkar cewa arewa ta taɓa zama ƙasar ruwa, ya tuna kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a jihar Yobe ta yanzu. An auna shekarunsa, sun kai wajen 8,000.

Damina ma haka take da dalili, da ikon Allah. Tudu ya fi ruwa saurin ɗaukar zafi. In bazara ta yi, hamada ta gasu, iskar da ke kanta ta yi sama, sai ta jawo iska mai laima daga teku ta kudu maso yamma. Wannan iska tafiya take yi, tana zubar da kayanta a hanya. Shi ya sa ruwa ke fara sauka a Legas, ya zo Kafanchan, ya iso mana, sai daga baya Kano da Sakkwato su samu, kuma nasu ya riga namu ɗaukewa. Duwatsun Kagoro da tudun Jos suna tare iskar su tilasta mata hawa, sai ta ƙara zubar da ruwa a wajen. Ka ga dalilin da citta ta karɓi Kachia, gero ya karɓi Daura. Kogin Kaduna kansa daga tudun Jos ya ɓuɓɓugo, har ya je ya faɗa kogin Neja. Saboda haka mai gida a bakin kogi yana iya kwana ba a yi ko yayyafi a unguwarsu ba, ya tashi ruwa na shigo masa tsakar gida. Da an koya masa wannan tun yana yaro, da ya san hadarin da zai riƙa sauraron labarinsa.

Kakana bafatake ne, ya je Gwanja ɗauko goro. Mahaifina ya sha ba mu labarin yadda jakunansu ke ramewa su faɗi in an nutsa kudu. Tsando ne. Ƙudan nan yana son inuwa da laima, kuma shi ya shata wa doki da saniya iyaka shekaru aru-aru. Inda doki ya tsaya, nan rundunar mahaya ta tsaya. Ba banza aka kafa cibiyar binciken cutar sammore a nan Kaduna ba. Ta arewa kuma hamada ba ta zama mana katanga ba, domin akwai raƙumi. Larabawa sun kira yankin da ke bakinta Sahil, wato gaɓa. Kano da Katsina suka zama matsayar ayari, gishirin Bilma na shigowa, fata da turkuɗi na fita ta Agadas har Turabulus. Ta wannan hanya littattafai da malamai suka iso mu. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fuskar ciniki ta juya kudu, wajen teku. Garin nan namu ma kogi da layin dogo ne suka sa Turawa suka baro Zungeru suka mai da shi hedikwatar Arewa a 1917.

Da yamma na sa yaron ya nemo kwalin taliya. Muka ɗora takarda mai shara-shara a kan taswira, muka zana Afirka da Kudancin Amurka, muka yanke da almakashin kakarsa. Na ce matso da su. Ƙusurwar Barazil ta shige lungun tekun Gini kamar murfi da tukunya. Ya ɗago ya dube ni, bakinsa a buɗe. Na gaya masa wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ya faɗi haka a 1912, aka ƙi yarda da shi har ya mutu, sai bayan shekaru bincike ya gaskata shi. Nahiyoyin biyu a haɗe suke, suka rabu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma kwarin da kogin Binuwai ke bi wata tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin, ba ta ƙarasa ba.

Wannan rabuwa har cikin tukunyarmu ta shiga. Gero da dawa da acca namu ne na Afirka. Amma masara, rogo, gyaɗa, tumatir da barkono duk a wancan ƙetare suka samo asali, ba su iso mu ba sai bayan 1492. Gyaɗar da muka yi dala da ita a Kano baƙuwa ce. Jiragen da suka kawo su kuma mutane suka kwasa suka tafi da su: akwai Hausawa cikin bayi Musulmi da suka yi bore a Bahia ta Barazil a 1835.

Roƙona, ranka ya daɗe, guda biyu ne. Ku ware ko da rubu'in shafi ne a mako, ku sa taswira da sunayen wurare cikin Hausa da ɗan bayani. Kuma in hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da hasashen daminar shekara, ku buga shi tare da taswira, manomin Soba ya ga ranar da ake sa ran ruwansa, ya ga ta bambanta da ta Kagarko. Ina da taswirori 12 da na zana da hannuna lokacin ina aiki, suna nan a akwati. In kuna so zan kawo muku su ofis da kaina, ba na neman ko kwabo.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Tudun Wada, Kaduna