Zuwa ga ɗiyata a Yamai, kan maganar sabuwar salula

Assalamu alaikum ɗiyata,

Ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan Tahoua kowa lafiya lau, innarki tana gaishe ki ƙwarai.

Ƙanenki ya ce kin sayi sabuwar salula, kina shawarar ko ki bar ta ta riƙa kwashe komai tana kai wa Google, ko ki koma Proton, akwatin imel ɗin nan mai kulle wasiƙu da abokan karatunki ke yabo. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Kin san na daɗe ina buɗe wa mutane akwatin imel a shago, to ki saurara.

Kada ki jefar da Gmail. Salular Android ba ta jin daɗin aiki sai da shi, an ba ki giga 15 kyauta, kuma ran da aka zare miki salula a kasuwa, lambobin mutanenki duka za su dawo cikin sabuwa kafin shayi ya huce. Takardun jami'a, neman tallafin karatu, wasiƙun malamai, duk ki bar su can. Mai hana ki wannan sauƙi bai san wahalar ɗalibi ba.

Sai dai ki san irin ajiyar da kike yi. Kamar mutum ne ya zuba hatsinsa a rumbun wani: rumbun mai kyau ne, ba ya yoyo, ɓera ba ya shiga, amma makullin yana aljihun mai rumbu. Har shekarar 2017 na'urorin Google suna bin wasiƙun Gmail don su san tallan da za su nuna wa mutum. Sun daina wannan, amma ikon buɗewa yana hannunsu har yau. A 2018 Amurka ta yi dokar da ke tilasta wa kamfanoninta miƙa bayanai idan kotu ta nema, ko a wace ƙasa aka ajiye su. Mu ma a Nijar muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, sai dai hotunanki ba a ƙasar nan suke kwana ba. Kuma babban kamfani ma ana yi masa sata. Yawancin ƴan bokon zamaninmu da Yahoo suka fara. A 2013 aka sace bayanan masu akwati biliyan 3, ba a faɗi yawan abin ba sai 2017.

Duk wannan da sirrinki ne ke kaɗai, da na ce ki auna da kanki, ke ba yarinya ba ce. Abin da ya hana ni barci shi ne bana kin fara shiga ɗakunan marasa lafiya. Na san yadda ɗalibai ke yi: a ɗauki hoton takardar gwaji, ko hoton ƙirji, ko na gyambo, a tura wa babban likita ya duba. Niyya mai kyau ce. Amma idan salularki tana ɗora hotuna da kanta, kafin ki mayar da ita aljihu hoton ya riga ya bar ƙasa, da sunan matar da cutarta a jiki. Matar nan ta taso daga ƙauye, wataƙila mijinta ma bai san abin da ke damunta ba. Ke ta buɗe wa jikinta saboda farar rigar da ta gani, ba ta san wani Google ba, ba wanda ya nemi izininta. Amana ce ta ba ki, ɗiyata, kuma ba ki da ikon ki saya wa kanki sauƙi da ita.

Har ke kanki abin yana iya cutar da ke. A Amurka, a 2021, wani uba ya ɗauki hoton kumburi a al'aurar ƙaramin ɗansa don likita ya gani. Hoton ya hau Google da kansa, na'ura ta ɗauke shi a matsayin hoton lalata yara, aka rufe masa akwati, ƴan sanda suka yi bincike. Sun wanke shi, amma kamfanin bai mayar masa da akwatin ba a lokacin. Wasiƙu, lambobi, hotunan shekaru, duk ya rasa hanyar kai wa gare su. Ki tuna irin hotunan da aikin likita zai sa ki gani.

Saboda haka yau, ba gobe ba, ki shiga Google Photos ki kashe ɗora hotuna kai tsaye. Hoton mara lafiya in ya zama dole, ki rufe suna da fuska, a duba, ki goge. WhatsApp kuma, saƙonninsa a kulle suke tsakaninki da wanda kika tura wa tun 2016, amma kwafin da yake ajiyewa a Google Drive ba ya samun irin wannan kulli sai kin kunna da hannunki. Tun 2021 suka sa wurin kunnawar, mutane ƙalilan ne suka san da shi. Ki kunna.

Proton kuwa ki buɗe, amma kada ki ɗauke shi laya. Masana da suka haɗu a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a Janeba suka kafa shi a 2014, kuma an gina shi yadda su kansu ba sa iya karanta abin da ke cikin akwatinki. Na kyauta bai wuce kamar giga 1 ba. Kullin yana cika ne idan ku biyun duk Proton gare ku. Kika rubuta wa mai Gmail, kwafi ya zauna wurin Google. A 2021 hukumomin Suwizalan sun tilasta musu ba da lambar intanet ta wani ɗan fafutuka a Faransa, suka bayar. Abin da ke cikin wasiƙunsa ne ba su iya bayarwa ba. Sannan ga nauyin da ke kanki: idan kika manta kalmar sirri, ba ki kuma ajiye kalmomin ceto da suke ba ki ba, tsofaffin wasiƙunki sun tafi, ba ofishin da za ki je ki yi kuka. A Proton ɗin za ki sa takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, fasfo, da maganar gida da ba ta kowa ba ce.

Lambar wayar da kika ɗaura wa akwatunan ki riƙa sa mata kuɗi, don layin da aka bari ya daɗe ana sayar wa wani, shi kuma saƙon buɗe akwatinki zai riƙa zuwa wa. Google ma tun ƙarshen 2023 yana iya share akwatin da ya shekara 2 ba a taɓa ba. Kuma takardunki masu muhimmanci ki sa kwafinsu a ƴar kile ta USB. Kin tuna Fabrairun 2021, da aka yanke intanet ɗin salula wajen kwana 10. Ajiyar da ba ki iya kai wa gare ta ran buƙata ba ta yi miki rana ba.

Kalmomin ceton nan ki rubuta su da biro a takarda, kada ki ɗauke su hoto. Ki liƙe cikin ambulan, in kin zo hutu ki ba innarki ta sa a akwatinta. Ni ba zan buɗe ba, ƙanenki ma na gaya masa. Idan wurin kunna kullin WhatsApp ya ɓace miki, ki kira ni bayan isha'i mu bi shi tare.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar jarrabawa. Ki gaishe da gwaggonki da mutanen gidan.

Naki,
Babanki