A Daina Matsa wa Mai Rage Gudu a Cikin Hazo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili domin in yi magana a kan abin da nake gani a hanyoyin Damagaram tun da hunturu ya kama, musamman irin wulaƙancin da wasu direbobi suke yi wa duk wanda ya rage gudu saboda hazo.

Duk wanda ya tashi a wannan gari ya san hunturu ba ya da alkawari. Daga Nuwamba har zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, kuma kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa ne daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wurin da masana suka ce babu inda ya kai shi fitar da ƙura a duniya. Mutum yakan kwanta yana kallon taurari, ya fito sallar asuba ya tarar ko hasumiyar masallacin unguwarsu ba ya hangowa. Wata rana gari ya waye garau, amma kafin hantsi rana ta koma kamar faranti, a kalle ta ido bai ji komai ba. Sararin sama yana canjawa a cikin sa'o'i kaɗan, amma ƙafar direbanmu tana nan a kan totur yadda take a ranar da ake hango mota tun daga nisan kilomita biyu.

Ina zaune a Garin Malam, ina aiki a Mirya, saboda haka ina bin wannan hanya mai kilomita 18 safe da yamma a ƴar tsohuwar motata. Wata safiya a watan Janairu na fito cikin jaura mai shiga ƙashi, hazo ya rufe ko'ina, har itatuwan bakin hanya sai na zo dab da su suke bayyana. Na kunna ƙananan fitilu, na sauko da gudu ƙasa da kilomita 50 a awa. Ban yi nisa da gari ba sai wata motar haya maƙare da fasinja da buhuna ta manne mini a baya, direban yana danna hon ba ƙaƙƙautawa, yana haska mini manyan fitilu har madubina ya zama fari fat. Da ya ga ban ƙara wuta ba, sai ya fizgo motar ya shiga hannun da ba nasa ba, yaron motar ya leƙo ta taga yana cewa, “Baba, in ba ka iya ba ka sauka ka ba mutane hanya!” Bai rufe baki ba amalanke ta ɓullo daga cikin ƙura, ɗauke da kayan lambu, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba yana zaune a kai ya ƙudundune cikin mayafi. Direban ya taka birki, motar ta karkace ta sauka cikin rairayi, jakin ya firgita ya durƙusa, tumatir ya watse a kan kwalta. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni, amma lokacin da na riƙe hannun yaron nan jikinsa yana ɓari, ya kasa ko amsa sannu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne direban bai sauko ya dube shi ba, sai zagin mai amalanke yake yi, yana cewa hanya ba ta jakuna ba ce.

Akwai wani lissafi da nake so kowane direba ya riƙe. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Tsakanin lokacin da ido ya ga abu da lokacin da ƙafa ta kai ga birki aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce, sannan motar tana buƙatar fiye da wancan nisan kafin ta tsaya, balle in an yi mata lodi har sama, tayoyin kuma sun suɗe. Idan hazo bai bar mutum ya ga abin da ya wuce mita 50 ba, to mai wannan gudun ya riga ya buge abin da ke gabansa tun kafin ya gama ganinsa, komai ƙwarewarsa. Manyan fitilu kuwa ba sa huda ƙura. Hasken yana dawowa idon direba ne, ya kuma makantar da mai tahowa.

Ba na cewa direbobi mugaye ba ne, domin ina da ƴan'uwa a cikinsu kuma na san abin da ke korarsu. Akwai kuɗin da dole a kai wa mai mota da yamma, akwai tsadar mai, akwai layin lodi a tasha wanda in ka makara wani ya shiga gabanka. Mu fasinjoji ma muna da namu laifin, domin sau nawa muka ji wani daga baya yana cewa, “Direba, taka mana, kasuwa za ta watse”? Sai dai duk wannan bai ba kowa izinin tilasta wa wani ya yi gudun da idonsa bai yarda da shi ba. Kuma hanyoyinmu ba na motoci kaɗai ba ne. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Takeita da Damagaram ta nufi Diffa, tana ɗauke da manyan motocin safa da na kaya. Hanyar Tanut ta cika da tankokin mai tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011. Hanyoyin Matamai da Magariya kuwa ba sa rabuwa da ƴan kasuwa. A kan waɗannan hanyoyi ne ƴan kabu-kabu suke bi sun naɗe fuska da rawani saboda ɗari, da amalanke marar ko ɗigon haske, da garken dabbobi, da ɗaliban da ke fita tun gari bai gama wayewa ba. Motar kaya in ta lalace, ƴan rassan itace kawai ake jerawa a bayanta, waɗanda ba a ganinsu sai an hau kansu.

Ga ƴan'uwana masu tuƙi, abin da na koya shi ne kada a biye wa mai matsawa. Kada a ƙara gudu don jin kunya, kada a taka masa birki don huce haushi, kada kuma a mayar da zagi. A ƙara tazara da motar da ke gaba, a ba da sigina, in an samu wuri mai fili a sauka gaba ɗaya daga kan kwalta a bar shi ya wuce. Tsayawa rabi a hanya rabi a gefe a cikin hazo ya fi ci gaba da tafiya haɗari.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da su yi wa mambobinsu magana a tasha kafin mota ta tashi, su kuma daina hukunta wanda ya makara a ranar ƙura. Ina roƙon hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER da jandarmomi su riƙa duba fitilun baya da tayoyi a shingayen shiga gari a waɗannan watanni, su kuma taimaka a manna wa kowace amalanke ƙyalle mai ƙyalli a baya, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Gidajen rediyonmu kuma, da yake kusan kowane direba yana saurarensu da safe, su nemi bayanin ma'aikatan hasashen yanayi su faɗa mana da Hausa nisan da ido zai iya gani a hanyar Tanut, da ta Mirya, da ta Magariya, tun kafin a fara lodin farko.

Wassalam,
Wani ma'aikaci mai bin hanyar Mirya,
Garin Malam, Damagaram.