Abba, ka ƙarasa maganinka

Assalamu alaikum. Abba, ya ƙarfin jiki? Ƙanwarka ta dawo ta ce zazzaɓin ya sauka, har kana maganar komawa ofis ranar Litinin. Alhamdu lillahi. Amma ta ce ta ga sauran ƙwayoyin maganin a kan firij ɗinka, shi ya sa na ɗauki biro, don a waya "to Mama, to Mama" kawai kake yi ka kashe.

Coartem ɗin da aka rubuta maka, maganin malariya, na kwana 3 ne, safe da dare, sau 6 ke nan, ƙwaya 4 a kowane sha ga babba irinka. Magani biyu aka haɗa a ciki. Na farko mai hanzari ne, shi ke saukar da zafin jiki tun a kwanan farko ko na biyu, har mutum ya ɗauka ya warke. Na biyun a hankali yake bin ƙwayoyin cutar da suka rage a jini yana share su. In ka tsaya a rabi, ragowar su sake hayayyafa, bayan 'yan makonni ka sake kwanciya kana cewa jabu aka sayar maka. Kuma ba a shan sa da ciki wayam. Sai da abu mai maiƙo jiki ke karɓarsa da kyau, ko madara ko kunun gyaɗa. Tunda ka riga ka yi tsallake, kada ka ci gaba da sha bisa ra'ayin kanka. Koma wurin likitan ka faɗa masa gaskiya, shi zai san ko daga farko za a sake.

Lokacin da na fara aikin jinya, kulorokwin muke bayarwa kuma yana ci. A idonmu ya daina aiki, har a 2005 ƙasar nan ta koma irin wanda ke kan firij ɗinka. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana wasa da shi. Haɗin kemis ɗin nan kuma, wai "malariya da taifod" a ƙulle cikin leda, na hana ka. Gwajin jinin ɗan yatsa na gano malariya minti 15 zuwa 20 ne kawai.

Kasalar da kake ji ba lalaci ba ne. Cutar jajayen ƙwayoyin jini take fasawa, jinin kuma sai ya ɗau makonni kafin ya dawo. Ja fatar ƙasan idonka a madubi. In ta yi fari fat maimakon ja, to da sauran aiki. Ka ci hanta, wake, alayyahu da zogale, ka bi da lemon zaƙi. Shayin nan mai kauri da kake korawa a kan abinci ka jinkirta shi, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Ban ce ka kwanta kamar mai jego ba. Fara da takawa zuwa masallaci, sannan zagayen unguwa bayan la'asar. In ƙarfi ya dawo, ga Dandalin Murtala nan, ka shiga cikin masu tattakin safiyar Asabar. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take so a mako, wato rabin awa sau biyar. Ƙwallo dai a dakata tukuna. Ka san hawan jini a dangin babanka yake, don haka in ka je asibiti ka miƙa hannu a auna. In ya riƙa kai 140 bisa 90, ba abin shiru ba ne.

Unguwarku Kabala kuma bakin kogi ce, ga damina ta yi nisa. Gidan sauron da na ba ka, an ce yana cikin ledarsa. Ka ɗaura shi yau, zafi ko ba zafi. In ka ga amai ya hana ka riƙe magani, ko fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya, ko kanka ya fara ruɗewa, kada ka jira gari ya waye, a kai ka asibitin Barau Dikko.

Ranar Juma'a zan ba direba busasshen zogale da ƙuli-ƙuli daga nan Zariya, ka karɓa a tashar Kawo. Babanka yana gaishe ka, ya ce ka kira shi bayan ka ga likitan. Allah ya ƙara sauƙi, ya yi maka albarka.

Mamanka.