Kafin mu gama yi wa gadar Bhopal dariya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan hoton nan da ya karaɗe wayoyin jama'a, na gadar sama da aka gina a kan layin dogo a unguwar Aishbagh ta birnin Bhopal a Indiya, wadda ta sha kwana kamar kusurwar ɗaki. Tun watan Yunin 2025 da hoton ya fito 'yan uwa daga gida suke turo mini shi, kowa da irin tasa zolayar: ashe haka injiniyoyin garinku suke? Gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta dakatar da injiniyoyi bakwai, duniya ta dara ta wuce. Ni ma na dara. Sai dai ni a Mumbai nake zaune, kuma shekara biyu da rabi na yi ina kewaye wata gada da aka rushe don a sake ta, shi ya sa nake ganin ba a wurin injiniya kaɗai gizo ke saƙar ba.

Sana'ata tafinta ce. Ina tarbar marasa lafiya da suka zo daga gida neman magani, in kai su masauki, in raka su asibiti. Wanda bai san Mumbai ba, layin dogo ne ya tsaga unguwanninta gida biyu, kusan kowace unguwa tana da Gabas tana da Yamma. Filin jirgin sama yana ɓangaren gabas, yawancin asibitocin da nake zuwa kuma suna yamma. Abin da ke haɗa unguwar Andheri ta Gabas da ta Yamma shi ne gadar Gokhale, wadda aka gina a 1975. A ƙarƙashinta jiragen ƙasa masu aiki da lantarki ke wucewa, wani na bin wani da tazarar 'yan mintoci, tun kafin asuba har bayan tsakar dare. Mutanen da jiragen cikin birnin nan ke ɗauka a rana sun kai miliyan bakwai.

Ranar 3 ga Yulin 2018, ana tsuga ruwan sama da safe, hanyar masu tafiya a ƙafa ta gefen gadar ta rufta kan layin. Mutum biyu suka rasu. Allah Ya kiyaye, wani direban jirgi da ke tahowa ya hango ya taka birki da gaggawa, ba don haka ba da labarin ya fi haka muni. Da aka yi bincike sai aka tarar tsatsa ta cinye ƙarafan da ke riƙe da gefen, sannan shekara da shekaru ana ta labta masa kaya: wayoyin kamfanoni iri-iri, yashi, ga bulon intalok da aka shimfiɗa a sama. Kowa ya zo ya ɗora nasa ya tafi, babu mai lissafin nauyin.

A nan ne na fara fahimtar cutar irin wannan gada. Titin da ke samanta na hukumar birni ne. Sararin da ke ƙarƙashinta na hukumar jiragen ƙasa ne, wadda ke hannun gwamnatin tarayya. Ranar da ta rufta, kowace hukuma ɗayar ta nuna da yatsa. Yaro mai uwa biyu ake cewa ya fi gata, amma wani lokacin shi ke kwana da yunwa, don kowacce na zaton ɗayar ta ba shi tuwo.

An ɗan yi mata kwaskwarima aka ci gaba da bi. Sai a ƙarshen Oktoban 2022 gadar Morbi ta jihar Gujarat ta tsinke da mutane, fiye da 130 suka mutu, hankalin mahukunta ya tashi. Ranar 7 ga Nuwamba aka rufe Gokhale ɗungurungum. Hukumar jirgi ta karɓi aikin rushewa, hukumar birni ta karɓi na ginawa.

Ranka ya daɗe, a nan zan ɗan yi wa masu aikin adalci, domin da idona na ga abin da suke fama da shi. Sake gada a kan rafi, ruwa ne kawai abokin gabarka. A kan layin dogo mai rai kuwa, jirgi ba ya tsayawa don kai. Wayoyin lantarkin da ke saman layin suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 25,000, ko kusantarsu ba a yi sai an kashe. Saboda haka sai cikin dare ake ba masu aiki 'yan sa'o'i, a kashe wuta, su yi abin da za su yi, su kwashe komatsansu kafin jirgin farko. A Nuwamban 2022 ɗin, da za a sauke tsohuwar gadar Carnac ta 1868 da ke kudancin birnin, sai da aka tsayar da jirage na sa'a 27 a wannan yankin, kuma an daɗe ana shelar ranar kamar ana shirin ƙidayar jama'a. Ba a kuma so a kafa ginshiƙai a tsakanin layukan, don haka azarar ƙarfen da za ta tsallake su a Andheri tsawonta mita 90 ne, nauyinta ya haura tan dubu. A Ambala, can arewacin ƙasar, aka ƙera ta gunduwa-gunduwa, aka kawo aka harhaɗa a gefen layin, sannan aka riƙa turo ta sannu a hankali har ta haye. Wanda ya ga wannan ba zai ce mutanen nan ba su san aikinsu ba.

Mu kuma masu bin hanya muka koma kewaye. Mafi kusa ita ce 'yar hanyar ƙarƙashin layin dogo ta Andheri, wadda da zarar damina ta kankama take zama kududdufi a rufe ta. Ba na mantawa da wani dattijo da na ɗauko daga filin jirgi, ciwon ƙoda ke damunsa, ga ruwa ana yi. Tafiyar da a da ba ta kai rabin sa'a ba sai da ta ci mana kusan sa'a biyu. Can ya dube ni ya ce, “Ɗana, anya ba ka ɓata ba?” Na ce, “Baba, ga asibitin can a tsallaken layi, hanyar ce babu.” Irin wannan asarar ba ta shiga cikin kuɗin kwangila.

Ranar 26 ga Fabrairun 2024 aka buɗe hannu ɗaya na sabuwar gadar. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Akwai wata gadar sama mai suna Barfiwala da ke tasowa daga wajen unguwar Juhu, wadda a da take haɗewa da Gokhale kai tsaye. Sai ga sabuwar ta ɗara ta tsayi da kusan mita biyu, bakinsu bai haɗu ba, ɗaya na leƙen ɗaya kamar baranda da tsakar gida. Dalili kuwa, hukumar jirgi ta buƙaci a ƙara wa gadar tsayi a saman layin, aka ƙara, amma maƙwabciyarta aka bar ta yadda take. Kowa ya cika ƙa'idar ofishinsa. Sai da aka nemi shawarar masana daga manyan makarantun fasaha biyu na birnin, IIT Bombay da VJTI, aka sa manyan jak aka ɗaga ƙarshen Barfiwala, wani gefen kusan mita ɗaya da rabi, aka ƙara wa ginshiƙanta tsawo, sannan a Yulin 2024 motoci suka fara hayewa. Gadar gaba ɗayanta kuwa sai 11 ga Mayun 2025 aka buɗe ta. A Bhopal ma, bayan matsatsin filin da aka ce shi ya jawo kwanar, abin da ya biyo bayan hoton shi ne ma'aikatar ayyuka ta jiha da hukumar jirgi suna jifan juna da laifi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ana shimfiɗa sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, ana kuma aikin na Kano zuwa Maraɗi, ga tsohon layin da ya ratsa tsakiyar Kaduna da Zariya da Kano tun zamanin Turawa. A Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma yanzu suna da ikon yin nasu layin. Wato wuraren da titin wata gwamnati zai hau kan layin wata gwamnatin ƙaruwa za su yi. Ni ba injiniya ba ne, amma tambayoyin da na koya a bakin gadar Andheri ba sa bukatar digiri. Idan tsatsa ta kama ƙasan gada, wa ke da alhakin hawa ya duba? Mai son ratsa bututun ruwa ko waya ta jikinta, wurin wa zai nemi izini, kuma wa ke tara lissafin nauyin? Tsayin da ake ba gadojin yau, zai ishi jirgin lantarki idan ranarsa ta zo, ko sai an sake rushewa? Kuma ranar da za a rufe gadar don sake ta, ta ina motar asibiti za ta bi?

Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka ya zaɓi gada ɗaya tak da ta hau kan layin dogo a ɗaya daga cikin garuruwan nan. Ya je hukumar jiragen ƙasa, ya je ma'aikatar ayyuka ta jiha, ya yi wa kowannensu tambaya ɗaya: gadar nan ta wace ce, kuma yaushe rabon da a duba ƙasanta? Amsoshin biyu ku buga mana su kusa da juna a shafi ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatunku daga Andheri, Mumbai.