Sanarwa: Maudu'in zaman ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa masu aikin lantarki. Zaman Asabar bayan Isha'i zai kasance kan janaretan jirgin sama, don haka kowa ya ɗan yi nazari kafin lokacin.

Wutar da muke sha a gida tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60, amma ta yawancin jiragen fasinja 400 ce, a kan volt 115. Dalili nauyi ne. Idan juyawar ta yi sauri, ƙarfen cikin taransifoma da na mota (wato injin da wuta ke juyawa) sai ya ƙanƙance sosai, kuma a sama kowane kilo mai yake ci. Janareta mai fol huɗu (wato kawunan maganaɗisu huɗu) yana ba da 50 a gudun juyi 1,500 a minti, amma kafin ya ba da 400 sai ya kai 12,000.

To me ya hana a raba wa gari irin wannan wuta? A doguwar waya ƙarfinta zubewa yake, shi kuwa jirgi wayoyinsa gajeru ne.

Abin da na fi so mu tsaya a kai shi ne jirgin Boeing 787, wanda ya bar juyawar tana bin gudun inji, tsakanin 360 da 800. Masu tambaya ku turo tun yanzu, a rubuce don Allah, ban da saƙon murya.